Sabuwar tunkiya ta yi kwana 21 a gefe kafin ta shiga garke

Jawabin da kwamitin masu kiwo na sansani ya yi wa iyalai a taron wannan mako



Yawancinmu daga Khartum da Umdurman muka fito, wasu daga Mayo, wasu daga Umbadda. Kafin yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, da wuya ka shiga gidan ɗayanmu ba ka ga tunkiya ɗaya ko biyu a turke ba. Su ne asusunmu. Da su muke yin suna, da su muke biyan kuɗin makaranta da na asibiti. Mun baro su, ko mun sayar da su a banza a hanya. Yanzu wasu sun fara saye a nan, wasu kuma suna shirin komawa gida su sake ɗaura turke. Mun san akwai uwar da ta sayar da ɗankunnenta na ƙarshe don ta sayi tunkiya biyu. Saboda irinta muka tara ku yau.

Mu fara da abin da ya same mu. A bara, ɗaya daga cikinmu ya samu tumaki uku da araha. Da yamma ya kawo su, ya sake su cikin na maƙwabta, suka sha ruwa a kwano ɗaya. Kafin mako ya zagayo majina da gudawa suka kama garken. Nasa suka mutu, na maƙwabta ma suka bi su, zumunci kuma ya ɓaci. Wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Cutar da ta yi wannan ɓarna likitocin dabbobi suna kiranta PPR. Ba ta kama mutum, amma tana iya share tumaki da awakin unguwa guda. Dabba takan ɗauke ta kwana 4 zuwa 6 tana cin abincinta lafiya ƙalau, wani lokaci har kwana 21, kafin alama ta fito. Ga shi kuma yaƙi ya tsayar da aikin ɗakin binciken Soba, inda ake haɗa alluran rigakafin dabbobi, tumaki da yawa sun tashi ba a taɓa yi musu allura ba.

To, a kasuwa ake fara kiyayewa. Waɗanda suka san kasuwar Muwailih, yamma da Umdurman, sun san yadda dabbobin Kordofan da Darfur ke cakuɗuwa a wuri ɗaya bayan doguwar tafiya. Ko Hamari ce ko Kabbashi, kada kyan jiki ya ruɗe ku. Ku duba ido da hanci, kada a ga kwantsa ko majina. Ku buɗe baki, ku duba gyambo. Ku ɗaga wutsiya, ku ga ko akwai alamar gudawa. Ku shafa hantsa, kada ku ji wani ƙullutu. Haƙora su ne takardar haihuwarta: manyan haƙora biyu a gaba, ta ɗan haura shekara ɗaya, huɗu, wajen shekara biyu, takwas, ta kai huɗu ko ta wuce. Sannan ku nemi damin, mutumin da ke tsaya wa mai sayarwa, ku karɓi takardar ciniki. An wawashe dabbobi da yawa a wannan yaƙi. Kada mu sayi hawayen wani.

Idan kun kawo ta gida, ku ɗaure ta a gefe, nesa da sauran, a inuwa, har kwana 21. Kwanon ruwanta daban, na abincinta daban. Ku fara ba tsofaffin dabbobinku abinci, sannan ita, ku wanke hannu da sabulu. Yara za su so su haɗa su, ku hana. A cikin waɗannan kwanaki ne za ku kira ma'aikacin lafiyar dabbobi ya ba ta maganin tsutsar ciki da na kaska, ya yi mata rigakafi. Allurar PPR guda ɗaya tana kare dabba aƙalla shekara uku.

Kada ku cika ta da abinci don murna. Ranar farko ruwa da busasshiyar ciyawa ko harawa sun isa. Dusa da hatsi a ƙara kaɗan-kaɗan. Ɗanyen barsim da yawa a cikin da babu komai yana kawo kumburi, ƙaramin Abu Sab'in da bai girma ba kuma yana iya zama guba. Ku tsince leda daga inda take.

Iyayenmu mata, wannan taku ce musamman. Idan tunkiya ta yi ɓari, kada ku taɓa ɗan ko mahaifar da hannu tsirara. Ku sa leda a hannu, ku binne da zurfi, ku sanar da mu. Mai juna biyu kada ma ta kusanci wurin. A 2007 zazzaɓin Rift Valley ya kashe mutum sama da 200 a Sudan, yawanci a Jazira da Sinnar da Farin Nil, kuma ɓarin dabbobi na daga cikin alamunsa na farko. A tafasa madara kafin a sha. Kada a yanka dabbar da ke ciwo a ci.

Masu komawa Khartum da Umdurman, har yanzu akwai harsasai da bama-baman da ba su fashe ba a kangaye da filaye. Kada ku tura yara kiwo inda ba a tantance ba. Gara a sayo ciyawa a ciyar a turke. Wanda ya ga baƙon ƙarfe, kada ya taɓa, ya ja da baya, ya sanar da hukuma.

Tunkiya wata biyar take ɗaukar ciki. Wanda ya daure kwana 21, da yardar Allah kafin shekara ta zagayo zai ji kukan ɗan rago a gidansa. Duk mai tambaya ya same mu bayan taro. Allah Ya mayar mana da abin da muka rasa, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya.