SINGAPUR: DAGA MAMAYAR JAPAN ZUWA MULKIN KAI, WA YA RIƘE MABUƊIN KASO?



An nemi in yi magana bisa yadda Singapur ta fita daga hannun Turawan Ingila. Da yawanku sun san sunanta ta hanyar fatauci. Ni kuwa yau tambaya guda na kawo: sa'ad da ake miƙa mulki, a hannun wa aka bar ikon kama mutum a tsare shi?

Ranar 15 ga Fabrairu 1942, Janar Percival ya miƙa wuya ga Janar Yamashita na Japan, aka kama sojoji wajen 80,000. Shekara uku da rabi tsibirin yana cikin uƙuba: an kashe dubban 'yan asalin Sin, abinci ya yi wuya, kuɗi suka zama takardar banza. Da Ingila ta komo a Satumba 1945 an yi murna, amma kwarjininta ya riga ya zube. Uban gidan da ya kasa tsare ka ranar wuya, da wane baki zai nemi biyayya irin ta da?

Sai Turawa suka shiga sakin mulki kaɗan-kaɗan. A zaɓen farko, na 1948, kujeru 6 kawai aka bar wa jama'a su zaɓa. A shekarar ce kuma aka kafa dokar ta-ɓaci saboda tawayen 'yan kwaminis a Malaya, wadda ta halatta tsare mutum ba tare da shari'a ba. A 1955 sabon tsarin mulki ya ba da kujeru 25 cikin 32, lauya David Marshall ya zama babban minista. Amma tsaron ƙasa, da harkokin waje, da tsaron cikin gida, duka suna hannun gwamna da manyan ma'aikatansa.

A 1956 Marshall ya tafi Landan neman cikakken mulkin kai. Kan maganar tsaron cikin gida shawara ta watse, domin Ingila ta dage sai ita ke da maganar ƙarshe. Ya komo hannu rabbana, ya yi murabus kamar yadda ya alkawarta.

Magajinsa, Lim Yew Hock, ya gane abin da Turawa ke so su gani. Ya rushe ƙungiyoyin ɗalibai, ya matsa wa na ƙwadago. A tarzomar Oktoba 1956 mutum 13 suka mutu, aka tsare shugabanni, cikinsu har da Lim Chin Siong. Hankalin Landan ya kwanta. A 1957 aka daidaita bisa majalisar tsaro mai mutum bakwai: uku na Ingila, uku na Singapur, ɗaya na Malaya. Ku lura, jama'a: ba a sakar masa mulki ba sai da ya nuna zai iya kama 'yan ƙasarsa da hannunsa.

Talakawa ba su yafe masa ba. A zaɓen 30 ga Mayu 1959, jam'iyyar PAP ta Lee Kuan Yew ta ci kujeru 43 cikin 51. Lee ya ƙi kafa gwamnati sai an saki mutum takwas na jam'iyyarsa da ke tsare, aka kuwa sake su. To, amma ba a soke dokar tsarewa ba. A Fabrairu 1963, bayan jam'iyyar ta rabe biyu, majalisar tsaron nan ta sa aka kama mutum fiye da ɗari, har da Lim Chin Siong ɗin da aka fito da shi shekara huɗu baya. A shekarar Singapur ta shiga tarayyar Malesiya, ta fita ranar 9 ga Agusta 1965. Daga 1968 har 1981 babu ɗan adawa ko ɗaya a majalisa. Wani tsohon ɗan majalisa, Chia Thye Poh, ya yi shekara 23 a tsare ba a taɓa kai shi gaban alƙali ba.

Wani zai ce: ai ƙasar ta yi arziki. Gaskiya ne. Tashar jiragen ruwanta tana cikin manya na duniya, an gina wa talakawa gidaje, cin hanci ya yi ƙaranci, kuma ba zan rage wa kowa ladansa ba. Sai dai ba kowane mai kulle 'yan adawa ke gina ƙasa ba. Da yawa sun kulle, sun kuma cinye baitulmali.

Abin da nake so mu tafi da shi shi ne: ranar da ake rubuta tsarin mulki, idon kowa yana kan yawan kujeru da rabon ministoci. Ɗan sakin layin da ya ce wa ke da ikon tsare mutum, na kwana nawa, kuma wane alƙali zai duba, shi ne ake wucewa da sauri. Jam'iyyar da ta bar irin wannan doka domin tana tsammanin ita za ta ci, ta tuna cewa sandar da ta ajiye ba ta san mai ita ba.