Ilimin da Ba a Girbe Shi da Wuri



A tsawon shekarun da na yi riƙe da alli, tambayar da iyaye suka fi yi mini ita ce: "Malam, yaushe wannan karatu zai fara kawo albashi?" Amsata a yau ita ce labarin wani masanin kimiyyar fiziya, Neil Ashcroft.

An haife shi a Landan a 1938, ya sami digirin digirgir a Jami'ar Kambirij a 1964, ya koyar a Jami'ar Cornell ta Amurka har ya yi ritaya a 2006. Fanninsa shi ne nazarin yadda abu kan sauya hali idan aka matse shi matsi mai tsanani. Ba da injuna yake aiki ba. Lissafi ne kayan aikinsa.

A 1968 ya rubuta cewa idan aka matse iskar haidurojin har ta zama ƙarfe, wutar lantarki za ta iya ratsa ta ba tare da asarar komai ba, kuma ba sai an sanyaya ta matuƙa ba. A lokacin babu na'urar da za ta iya gwada maganarsa. A 2004 ya ƙara da cewa idan aka haɗa haidurojin da wasu sinadarai, matsin da ake buƙata zai ragu. Sai a 2015 masana a birnin Mainz na Jamus suka matse haɗin haidurojin da farar wuta tsakanin lu'ulu'u biyu, da matsin da ya ninka na iskar da ke kanmu kusan sau miliyan ɗaya da rabi. Lantarki ya ratsa babu asara a digiri 70 ƙasa da sifiri, ɗumin da ba a taɓa cimmawa ba a wannan fanni. Shekara 47 ke nan daga rubutunsa na farko. Ya rasu a 2021, bayan ya ga amfanin shukarsa.

'Yan'uwa, mai haƙuri shi kan dafa dutse. Idan ɗanku ko 'yarku ta zaɓi lissafi ko fiziya, kada ku karkatar da ita don kawai likitanci da lauyanci sun fi saurin biya. Mu kuma masu rabon tallafin karatu, mu riƙa tunawa da irin waɗannan yara, domin gero ba ya hana a dasa giginya.