Saɓar Fara a Idon Kyamara

In an ce saɓa, hankali kan tafi ga maciji. To fara ma tana saɓa. Fatarta ba ta girma tare da ita, dole ta tsage ta ta baya ta fito, kusan sau biyar kafin ta yi fiffike.

Ku leƙa gonakin gero na Mai'adua, Zango ko Sandamu da damina, za ku ga ɓawon maƙale a ganye. Da ɗan gilashin ƙara girma da ake maƙala wa kyamarar waya, komai zai fito: idanu, ƙayoyin ƙafa, har wasu fararen zaruruwa, wato rufin cikin bututun numfashinta. Da sassafe ake ɗaukar hoton, kafin iska ta taso, don ɓawon ba shi da nauyi.

Wani zai ce aikin marar aikin yi ne. Ban yarda ba. Maƙwabtanmu na Nijar ba su manta da farar 2004 ba, kuma yawan saɓa alama ce 'ya'yan fara na girma a wurin. Matasan Daura, ku ɗauka, ku nuna wa malamin gona.