Gwajin Yawu da Takardar Indijin: Jawabin Kwamitin Haƙƙoƙi ga Taron Iyalai a Danchuwa

 

  

Kowa a nan ya san abin da ya jawo wannan magana. Wani ɗanmu da ya gama sakandare da sakamako mai kyau ya tafi neman takardar indijin, watau shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, domin ya haɗa da takardunsa na neman makaranta. A ofishin da ya je aka ce masa ya koma garin kakansa. A nan Danchuwa aka yanke cibiyarsa, a nan aka haifi mahaifinsa, kakan ne ya zo daga ƙasar Kano da fatauci. Yaro ya yi kuɗin mota ya tafi can, dagaci ya dube shi ya ce bai san shi ba, bai san ubansa ba. Ya dawo hannu rabbana. To, a taron da ya wuce sai wasu daga cikin matasanmu suka kawo shawara, cewa a tara kuɗi a aika yawunmu Amurka a yi mana gwajin ƙwayar halitta, wanda ake kira DNA, tunda sun gani a waya ana gaya wa mutum asalinsa. A ganinsu, in sakamako ya fito sai mu kai wa hukuma hujjar kimiyya wadda ba mai ja da ita. Aka ɗora wa kwamitinmu ya bincika. Mun bincika, kuma amsarmu ita ce kada a tara wannan kuɗi. Ga dalilanmu.

Da farko bari mu faɗi yadda gwajin yake. Kamfani zai aiko maka da 'yar kwalba, ka tofa yawu a ciki, ka mayar masa. A ɗakin gwaji na'ura za ta karanta wurare ɗaruruwan dubbai daga cikin haruffa kimanin biliyan 3 da ke rubuce a ƙwayar halittar ɗan Adam. Kamfanin 23andMe ya fara sayar da irin wannan gwaji a 2007 a kan dala 999, kafin ƙarshen 2012 farashin ya sauko zuwa dala 99, shekarar da kamfanin Ancestry shi ma ya shigo kasuwar. Karatun na'urar ba shi da laifi sosai. Inda gizo ke saƙar shi ne abin da ake yi da karatun. Babu wani wuri a jikin mutum da aka rubuta "Bahaushe" ko "Babarbare". Abin da kamfani yake yi shi ne ya kwatanta naka da na wasu mutane masu rai a yau, waɗanda ya tara a rumbunsa, waɗanda su da bakinsu suka ce kakanninsu daga wuri kaza suke. In ka fi kama da rukuni kaza sai a rubuta maka kashi kaza cikin 100. Ashe ke nan tushen hujjar ma maganar baki ce, irin wadda kakanninmu suke ba mu kyauta a zaure.

Saboda haka ne sakamakon yake sauyawa. Duk lokacin da kamfani ya ƙara mutane a rumbunsa, sai ya sake lissafi, wanda aka ce masa bara rabinsa Najeriya ne bana a ce masa akwai Mali ko Kamaru. Ku lura ma da sunayen: Najeriya a 1914 aka haɗa ta. A 2019 gidan talabijin na CBC a Kanada ya aika yawun wasu tagwaye mata masu kama ɗaya zuwa kamfanoni biyar, amsoshin suka sha bamban daga kamfani zuwa kamfani, har a kamfani guda aka sami bambanci tsakanin Hassana da Usaina. In takarda ba ta iya daidaita 'yan biyu da suka fito ciki ɗaya ba, yaya za ta raba gardama tsakanin Danchuwa da wani ƙauye a Kano?

Akwai kuma gwaji na biyu, wanda shi ne ya fi ruɗar matasanmu, domin shi yana ambaton ƙabila da sunanta. Kamfanin African Ancestry, wanda Dokta Rick Kittles da Gina Paige suka kafa a 2003, yana ba baƙaƙen fatar Amurka takarda cewa sun haɗa jini da Hausawa, ko Fulani, ko Yarabawa. Mu ba mu raina wannan ba. Mutanen da aka kwashe kakanninsu a jirgin bauta aka shafe musu suna da harshe, ko ɗan haske kaɗan suka samu abin farin ciki ne. Amma gwajin layi ɗaya tak yake bi: ko na uba daga uba daga uba, ko na uwa daga uwa daga uwa. Ku yi lissafi da mu. Iyaye 2, kakanni 4, kakannin iyaye 8. In aka koma baya hawa goma, mutum yana da gurabun kakanni 1,024. Gwajin ya ba ka labarin mutum ɗaya, saura 1,023 fa? Har ila yau, a 2006 Farfesa Bert Ely na Jami'ar South Carolina da abokan aikinsa sun kwatanta layin uwa na baƙaƙen Amurka da na mutanen Afirka, suka tarar fiye da rabi ya dace da ƙabilu masu yawa a lokaci guda, waɗanda suka dace da ƙabila ɗaya tilo ba su kai kashi 10 cikin 100 ba.

Yanzu mu dawo gida, domin a nan maganar ta fi daɗi. A ce ma gwajin ya gwanance, me zai tarar a jinin Bahaushe? Wanda ya san birnin Kano ya san Zangon Barebari, ya san Tudun Nufawa, ya san Ayagi inda Yarabawa suka sauka, ya san Dandalin Turawa na Larabawa. Wangarawa daga Mali suka zo a zamanin Sarki Yaji, a ƙarni na 14. Agalawa da Tokarawa, manyan fataken goro, tushensu daga wajen Azbin yake, kuma daga cikin Agalawa Alhassan Dantata ya fito. Kambarin Barebari sunansu ma ya faɗi inda suka fito. Wa zai tsaya yau ya ce jikokin waɗannan ba Hausawa ba ne? Hausanci ya daɗe yana karɓar baƙo, ta harshe da aure da addini da kasuwa. In muka yi gwajin nan mu ɗari, ba mamaki a fito da labari ɗari, sai mai neman abin faɗa ya samu: "Ashe ku ma ba ku san ko ku su wane ne ba."

Ta ɗaya gefen kuma, maƙwabtanmu Ngizimawa da Karekare da Bolawa da Ngamawa da Badawa ba bare ba ne a gare mu kamar yadda ake zato. Masana harshe sun sa harsunansu da Hausa a gida ɗaya, gidan harsunan Chadi na yamma. Marigayi Farfesa Russell Schuh, wanda ya zauna a nan Potiskum yana nazarin Ngizimanci tun wajen 1969, ya dawo a shekarun 2000 tare da Alhaji Maina Gimba da 'yan wannan ƙasa suka tsara ƙamus na waɗannan harsuna. Masu binciken jini ma sun ga wata alama a layin uba, wadda suke kira R1b-V88, da Fulvio Cruciani da abokan aikinsa suka bayyana a 2010, ta yawaita a tsakanin masu magana da harsunan Chadi, ana kuma samunta a jikin Hausawa. Amma shekarunta dubbai ne. Ta girmi Daura, ta girmi Ngazargamu, balle jihar Yobe da aka ƙirƙiro a 1991. Iyakar abin da za ta gaya mana shi ne cewa tun da daɗewa an cuɗanya. Ba za ta faɗi wanda ya fara sare daji a Danchuwa ba, ba ta san iyakar ƙaramar hukuma ba.

Kuma mu tuna, da girmamawa ga iyayen ƙasa gaba ɗaya, cewa ko batun sarauta a garin nan ba da jini aka warware shi ba. A 1924 Turawa suka dawo da hedikwatar masarautar Fika zuwa Potiskum. A 2000 Gwamna Bukar Abba Ibrahim ya ƙara yawan masarautun Yobe daga 4 zuwa 13, har da ta Potiskum. Tarihi aka duba, doka aka yi, gwamnati ta sa hannu.

Abin da ya fi damun kwamiti shi ne wannan. Ranar da muka kai takardar gwajin jini ofis muka ce a ba mu haƙƙi da ita, ranar muka yarda cewa haƙƙi a jini yake. To, in a jini yake, wanda kakansa ya zo daga Kano ya faɗi tun kafin a fara. Garin neman ƙiba sai a samo rama. An taɓa gwada irin haka a Ingila: a 2009 hukumar shige da fice ta can ta fara gwajin ƙwayar halittar masu neman mafaka don ta gane ko da gaske daga Somaliya suke, masana kimiyya suka yi ca a kanta cewa jini ba ya nuna ƙasar mutum, a 2011 aka watsar da shirin. Abin da aka ƙi a yi wa baƙi a can, kada mu roƙi a yi mana shi a ƙasarmu.

Akwai hatsari biyu kuma da ya kamata iyaye su ji. Na ɗaya, yawun da ka aika ba naka kaɗai ba ne, sirrin 'ya'yanka da 'yan'uwanka yana ciki. A 2023 ɓarayin intanet sun sace bayanan mutane kusan miliyan 6.9 daga 23andMe, a watan Maris na 2025 kamfanin ya shigar da takardar karyewa a kotu, aka sa shi a kasuwa da rumbun bayanansa. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan ƙwayar halitta cikin masu buƙatar kariya ta musamman, amma in kwalba ta ƙetare teku wa za ka kama? Na biyu, gwajin yana haɗa mutum da danginsa da ke rumbun kamfani, kuma ya sha tayar da zargi a gidajen da suke zaune lafiya. Malamanmu suna nan, sun fi mu sani: a shari'a da aure ake tabbatar da nasaba, kuma majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ta zauna a Makka a 2002 ta hana amfani da wannan gwaji don kore nasabar da ta riga ta tabbata.

To ina mafita? Hujjarmu tana cikin tsarin mulkin 1999. Sashe na 41 ya ba kowane ɗan Najeriya damar zama a duk inda ya so a ƙasar. Sashe na 42 ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabilarsa ko garin asalinsa. Sashe na 43 ya ba shi damar mallakar fili da gida a ko'ina. Sashe na 46 ya buɗe masa ƙofar babbar kotu in an take masa ɗaya daga ciki. Ba za mu ɓoye muku raunin ba: shi wannan kundi, a sashe na 147, ya ce minista ya kasance ɗan asalin jiharsa, bai kuma fayyace wane ne ɗan asali ba, sai aka bar abin a hannun ƙananan hukumomi, kowace da ma'auninta. Ƙungiyar Human Rights Watch ta yi dogon rahoto a kan wannan giɓi a 2006, bayan abin da ya faru a Jos a 2001 da Yelwan Shendam a 2004. Mataimakin Kakakin Majalisar Wakilai, Benjamin Kalu, ya kawo ƙudurin a ba wanda ya shekara 10 a jiha matsayin ɗan asali, amma ya janye shi a watan Yulin 2025 bayan suka ta yi yawa. Watau dai gyaran yana nan ba a yi ba, kuma a majalisa za a yi shi, da ƙuri'a da koke a rubuce.

Kafin nan, abin da muke roƙon kowane magidanci shi ne ya bincike akwati da ƙarƙashin katifa. Takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ga kowane yaro, mace da namiji, kada a ce ta asibiti ta isa. Tsofaffin rasiɗan haraji da na jangali, ko sun yage. Takardar cinikin fili ko gona da sunayen shaidu. Shaidar firamare ta uba, in ya yi. Katin zaɓe da lambar ɗan ƙasa masu ɗauke da adireshin nan. Waɗannan su ne suke nuna shekara nawa gida ya yi a Danchuwa, kuma su mai unguwa da lauya da alƙali suke iya karantawa. Wanda aka mayar daga ofis, ya nemi a ba shi dalili a rubuce, in an ƙi ya rubuta rana da abin da aka ce masa ya kawo mana, domin Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a da Hukumar Kare Haƙƙin Bil'adama ba sa aiki da "an ce".

Ku kuma ƙannenmu da kuka kawo shawarar, ba mu ga laifinku ba, zafin abin ne ya sa. Ga aikin da ya fi: wayar nan da kuka ga tallar gwajin a cikinta, ku ɗauke ta ku je wurin Baba da Inna da Kaka tun suna da rai, ku tambaye su wace shekara aka zo, zamanin wane sarki, wa ya ba da masauki, wa ya nuna gona, wa aka aura a cikin mutanen gari. Ku naɗi muryarsu, ku rubuta a littafi. Magatakarda zai buɗe fayil ga kowane gida, kuma kwamiti zai riƙa zama ranar Asabar bayan sallar La'asar don karɓar kwafin takardu. Ainihin takardar kowa ya riƙe abarsa. Game da yaron da muka fara da maganarsa, mun riga mun sami rasiɗin harajin kakansa guda biyu da takardar gonar gidan, kuma dattawa uku sun yarda za su raka shi wurin mai unguwa a wannan mako.