BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA: JAWABI GA IYAYE GAME DA KOMAWA MAKARANTA



A watan Satumba ne akasarin makarantun Nijeriya sukan buɗe sabuwar shekarar karatu, ko da yake kowace jiha ita ke sanar da tata ranar. Wannan jawabi ya shafi abin da ya rataya a wuyan iyali kafin ranar ta zo. Yaron da bai shiga aji ba sai bayan mako biyu ko uku, zai tarar an wuce shi, kuma sau da yawa haka zai yi ta bin baya har ƙarshen zango. Irin wannan jinkiri, galibi daga gida yake tasowa.

Tun a shekarar 1976 Gwamnatin Tarayya ta soma shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa. A 1999 aka ƙaddamar da sabon shiri a Sakkwato, sa'an nan dokar 2004 ta mai da karatun shekara 9 kyauta kuma tilas, watau shekara 6 a firamare da 3 a ƙaramar sakandare. Dokar ta tanadi cewa wanda ya ƙi sa ɗansa makaranta a ja masa kunne a karo na farko. In ya sake, tarar Naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, ko duka biyun. Amma fa doka ba ta ɗinka wa yaro riga, ba ta kuma tashe shi daga barci. Wannan aikin iyaye ne.

Abu na farko shi ne kuɗi. Ko da ba a biyan kuɗin makaranta, akwai kayan makaranta, da takalma, da jaka, da littattafan rubutu, da fensir. Ya kamata mai gida da uwargida su zauna tun hutu bai yi nisa ba, su lasafta bukatar kowane yaro, su ware abin da ƙane zai gada daga wansa. Wanda ke adashi ya nemi ɗaukarsa ta faɗo kafin buɗe makaranta. A kai wa tela ɗinki da wuri, domin a makon ƙarshe aiki yakan yi masa yawa, alkawari ya yi wuyar cikawa. In kaya sun samu, a rubuta sunan yaro a jikin kowanne.

Abu na biyu shi ne takardu. Yaron da ya cika shekara 6 ya isa shiga aji ɗaya, kuma akan nemi takardar shaidar haihuwa wajen rajista. Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce ke ba da ita. Iyalin da suka sauya gari, kamar 'yan kasuwa da ma'aikatan da ke zirga-zirga tsakanin Kano da Ibadan ko Legas, lalle ne su karɓi takardar canjin makaranta daga hedimasta tun ba su tashi ba.

Abu na uku ya fi shafar manoma. Buɗe makaranta yakan zo daidai da girbin gero a Arewa, lokacin da gona ke bukatar hannu. Mai gida ya tsara aikinsa yadda taimakon yara zai faɗo a ranakun da ba makaranta, ko da yamma bayan an tashi. Haka nan uwa ta duba batun talla. Ribar farantin da yarinya ta ɗauka da safe ba ta kai darasin da ya wuce ta ba, kuma doka ba ta bambanta ɗa namiji da 'ya mace ba.

Abu na huɗu shi ne tsarin yini. A tanadi ruwan wanka, a haɗa jaka, a wanke kaya tun da dare. A shirya da malamin makarantar allo ko Islamiyya domin lokutan karatun biyu kada su ci karo. A keɓe wuri mai haske, da sa'a guda sananniya, domin aikin da malami ya bayar, babban wa ko ya su taimaki ƙanana. Yaron firamare yana bukatar barcin awa 9 ko fiye, kuma kada ya fita bai karya kumallo ba, gama mai jin yunwa ba ya fahimtar karatu.

Abu na biyar shi ne lafiya. Ƙarshen damina lokaci ne na zazzaɓin cizon sauro. Yara su kwana cikin gidan sauro, in kuwa jikin yaro ya yi zafi a kai shi asibiti a gwada jininsa, a kuma aika wa malaminsa dalilin rashin zuwansa.

Daga ƙarshe, aiki bai ƙare ba don an raka yaro bakin ƙofar makaranta. Uba ya san malamin ɗansa, ya halarci taron ƙungiyar iyaye da malamai. Ko uwa ba ta yi karatun boko ba, tana iya buɗe littafin ɗanta ta ga ko an yi rubutu yau, ta tambaye shi abin da aka koya. Yaron da ya san za a tambaye shi a gida ba ya wasa a aji.

Allah ya yi wa zuriya albarka, amin.