Ofera: Wasan da ke Neman Magada



Abin da za mu tattauna a yau shi ne ofera, watau wasan kwaikwayon Turawa wanda ake rera zantukansa cikin waƙa da kiɗa. Masu wannan sana'a suna cikin damuwa, domin in sun dubi 'yan kallo sai su ga furfura ta rinjayi baƙin gashi. Mun kuwa san sana'ar da ta rasa magaji, kabari ɗaya take shiga da mai ita.

A Italiya wasan ya tsiro, a gidajen sarauta. Alal misali, a fadar Mantua aka fara nuna Orfeo na Monteverdi a 1607. Sai a 1637 aka buɗe gidan ofera a Venice inda kowa zai biya ya shiga, daga nan wasan ya bunƙasa. Ashe ke nan tun farko buɗe ƙofa ne ya raya shi.

To, me ke hana matasa shiga yanzu? A ganinmu abubuwa huɗu ne, kowanne kuwa an gwada maganinsa.

Na farko harshe. Ana rera yawancin wasannin da Italiyanci ko Jamusanci ko Faransanci. A 1983 wani gidan ofera a Toronto ta Kanada ya fara haska fassarar waƙoƙin a saman dandali, sauran gidaje suka bi sahu.

Na biyu nisa. A 2006 gidan Metropolitan na New York ya soma aika wasanninsa kai tsaye zuwa gidajen silima na ƙasashe da dama.

Na uku tsada. Gidan La Scala na Milan yakan buɗe kakar wasanninsa ran 7 ga Disamba, amma kafin ranar yakan keɓe dare guda ga 'yan ƙasa da shekara 30 a kan kuɗi kaɗan.

Na huɗu, wanda muke ganin ya fi nauyi, shi ne saurayi ya ga kansa cikin labarin. A Afirka ta Kudu an mayar da Carmen ta Bizet cikin harshen Xhosa, aka dasa labarin a unguwar talakawa ta Khayelitsha. Fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Berlin a 2005.

Jama'a, kada mu ce wannan matsalar Turawa ce kaɗai. Waƙoƙin Narambaɗa da Ɗanƙwairo ma a fada aka haife su, rediyo da kaset suka kai su kunnen talaka. Yau mu nawa ne a zauren nan za mu iya warware ma'anar baiti guda na Narambaɗa ga ƙannenmu? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In muna son a gaji abin da muka tarar, wajibi ne mu buɗe wa na baya ƙofa, mu kuma yi musu bayani.

Allah ya sa mu dace, amin.