Wasan da ya ƙetare teku: labarin besbol tsakanin Japan da Amurka

 Yau hirar tamu za ta yi dogon zango. Za mu je ƙasashe 2 da babu komai a tsakaninsu sai teku, wato Japan da Amurka, mu ji labarin wani wasa da ya haɗa su sama da shekara 150, a lokacin daɗi da lokacin yaƙi. Sunan wasan besbol. Da yawanku ba ku taɓa ganin ana yin sa ba, wannan ba komai. Abin da nake so ku sa wa ido shi ne mutanen da ke cikin labarin, musamman masu ƙafa ɗaya a nan, ɗaya a can.

Bari in fara da yadda ake wasan, don kada mu yi tafiya a duhu. Ƙungiya 2 ce, kowace da mutum 9. Mai jifa yana tsayawa a tsakiyar fili ya wurgo ƙwallo mai tauri, girmanta bai wuce lemo ba, mai kulki kuma ya yi ƙoƙarin maka ta. In ya same ta, sai ya yar da kulkin ya sheƙa, ya taka zango 3, ya komo gida inda ya tashi. Komowar nan ita ce ci ɗaya. In ya kuskure sau 3, ya fita. In aka fitar da mutum 3, sai a yi musanya, masu jifa su koma bugu. Haka za a yi ta yi har turmi 9. Wanda kuwa ya maka ƙwallon ta tsallake shingen fili, sai ya zaga zangunan a tsanake, ba mai tare shi.

To, yaya aka yi wasan Amurkawa ya isa Japan? A 1853 jiragen ruwan yaƙin Amurka suka tsaya a gaɓar Japan, suka matsa mata ta buɗe tasoshinta ga fatake na waje, bayan ta shafe shekara sama da 200 ƙofarta kusan a rufe. Daga baya sabuwar gwamnatin ƙasar ta shiga ɗauko malamai daga ƙetare. Ɗaya daga cikinsu, wani Ba'amurke mai suna Horace Wilson, shi ya koya wa ɗalibansa besbol a wata makaranta a Tokiyo a 1872. A 1878 Hiroshi Hiraoka, wanda ya yi karatun aikin jirgin ƙasa a Amurka, ya kafa ƙungiyar farko a ƙasar. A 1894 kuma suka raɗa wa wasan suna da harshensu, yakyu, ma'ana ƙwallon fili.

A wancan zamani Turawan da ke zaune a tashar jiragen ruwa ta Yokohama suna da kulob ɗinsu da filinsu, kotun Japan ma ba ta da ikon yi musu shari'a. Ɗaliban wata babbar makaranta da ake kira Ichiko sun yi shekaru suna neman a kara, ana yi musu kunnen uwar shegu. Da aka yarda a 1896, yaran suka lallasa su 29 da 4. Labari ya bazu a jaridu, ƙasa ta ɗauka. Daga ranar, wasan ya tashi daga kayan aro ya zama nasu, suka kuma sa masa ɗabi'arsu. Ɗan wasa yana rusuna wa fili kafin ya shiga. Gasar makarantun sakandare da suka fara a 1915, wadda ta koma filin Koshien a 1924, har yau in watan Agusta ya zo ita ce zancen gari, kuma yaran da aka fitar sukan durƙusa su ɗebi ƙasar filin a jaka su tafi da ita gida.

A daidai lokacin da wasan ke tafiya Japan, mutanen Japan kuma suna tafiya Amurka neman abinci: aikin rake a tsibiran Hawai, aikin gona a jihar Kalifoniya. Ba a karɓe su hannu bibbiyu ba. A 1913 Kalifoniya ta yi dokar da ta hana su mallakar gona, a 1924 kuma Amurka ta rufe ƙofa ga sababbin masu zuwa daga Japan. Manyan ƙungiyoyi ba sa ɗaukar su, sai suka kafa nasu. Jagora a cikinsu shi ne Kenichi Zenimura, wanda aka haifa a Hiroshima a 1900, ya girma a Hawai, ya zauna a garin Fresno. Ɗan ƙaramin mutum ne, amma shi ke kwasar 'yan wasa ya kai su Japan su yi wasa su dawo. A 1927 ya shiga fili ɗaya da manyan zakarun Amurka 2, Babe Ruth da Lou Gehrig, hoton yana nan har yanzu. Ku riƙe sunansa, za mu sake haɗuwa da shi.

A 1934 mai jaridar Yomiuri, Matsutaro Shoriki, ya gayyato zakarun Amurka, har da Babe Ruth ɗin. Dubun dubatar mutane suka cika titunan Tokiyo suna yi musu maraba. Baƙin sun cinye duk wasannin, amma akwai ranar da suka sha da kyar. Wani yaro ɗan shekara 17, Eiji Sawamura, ya fitar da gwanayensu 4 a jere, ciki har da Ruth da Gehrig. Da ci 1 tak aka doke su, lokacin da Gehrig ya tsallakar da ƙwallo shinge. Ƙungiyar da aka haɗa don tarbar baƙin ita ce ta zama Yomiuri Giants, kuma a 1936 aka fara gasar ƙwararru a Japan.

Masu kallo a lokacin sun ɗauka mutanen da suka yi irin wannan zumunci ba za su ɗauki makami a kan juna ba. Amma tun a watan Fabrairu na 1935 alama ta nuna: wani mai zafin kishin ƙasa ya sari Shoriki da takobi a wuya, yana cewa ya bar baƙi sun taka fili mai alfarma. Allah ya yi da sauran kwanansa. Ranar 7 ga Disamba 1941 Japan ta kai hari sansanin jiragen ruwan Amurka a Hawai, yaƙi ya ɓarke. Wasa bai hana komai ba. A Japan ma hukuma ta hana amfani da kalmomin Ingilishi a fili, alƙalin wasa ya koma kira da harshen gida.

Ku ji abin da ya sami mutanen nan 2. Sawamura sau 3 ana ɗaukarsa soja, jifan gurneti ya lalata masa hannun da yake cin abinci da shi. A watan Disamba na 1944 jirgin ƙarƙashin ruwa na Amurka ya nutsar da jirgin da ke ɗauke da shi, yana da shekara 27. Tun daga 1947, kyautar da ake ba gwanin jifa a Japan sunansa take ɗauke da shi.

Zenimura kuwa, a 1942 shugaban Amurka Franklin Roosevelt ya sa hannu a kan umurnin da ya sa aka kwashe mutum wajen 120,000 masu asalin Japan aka zuba a sansanoni, ba tuhuma, ba shari'a. Kashi 2 cikin 3 nasu 'yan ƙasar Amurka ne, a can aka haife su. Da yawa sun sayar da gona da shago a wulaƙance, don 'yan kwanaki kawai aka ba su. Duk wanda ya taɓa kwana da kaya a mota ya wayi gari an rufe iyaka saboda faɗan da ba shi ya tone shi ba, zai gane wani abu daga cikin halin da suka shiga. An kai Zenimura da iyalinsa sansanin Gila River, cikin hamadar jihar Arizona. Shi da 'ya'yansa da masu taya su suka share ƙasa, suka tsince duwatsu, suka jawo ruwa daga magudana, suka shuka ciyawa, suka dasa zurma ta zama shinge. Ƙungiya 32 suka riƙa karawa a wannan fili. A watan Afrilu na 1945, yaƙi bai ƙare ba, zakarun makarantun jihar daga garin Tucson suka shigo sansanin, yaran da ke tsare suka doke su 11 da 10. Sai a 1988 gwamnatin Amurka ta nemi gafara a hukumance, ta biya kowane mai rai daga cikinsu dala 20,000. Zenimura bai gani ba, ya rasu tun 1968.

Bayan yaƙi, da bama-baman Hiroshima da Nagasaki, wa zai fara miƙa hannu? A 1949 Lefty O'Doul, wani Ba'amurke da ya saba zuwa Japan tun kafin yaƙi, ya kawo ƙungiyarsa ta San Francisco Seals, filaye suka cika maƙil. A 1951 Yomiuri Giants ta ɗauki Wally Yonamine, haifaffen Hawai mai asalin Japan, Ba'amurke na farko da ya yi wasa a gasar bayan yaƙi. A Amurka ana yi masa kallon ɗan Japan, a Japan kuma ana yi masa kallon ɗan abokan gaba, ana yi masa ihu, wani lokaci har da jifa. Ya daure. Sau 3 yana zama gwanin bugu na shekara, kuma irin gudunsa na kutsawa zango da ƙarfi ya sauya yadda ake wasan a ƙasar. 'Ya'yan Zenimura 2 su ma sun je sun yi wa ƙungiyar Hiroshima wasa, garin da aka haifi mahaifinsu.

Yanzu ga ɓangaren da ya shafi ciniki, 'yan kasuwa ku matso. A 1964 ƙungiyar Nankai Hawks ta aika wani matashi, Masanori Murakami, ya koyi aiki a Amurka. Ya yi kyau har San Francisco Giants ta sa shi a babbar gasa, ɗan Japan na farko da ya taka wannan mataki. Sai rigima ta tashi. Amurkawa suka ce takardar da aka sa wa hannu ta ba su ikon sayensa a kan dala 10,000, mutanen Japan suka ce aro suka bayar. Kowa ya karanta takarda ɗaya, ya fahimci abu daban. A ƙarshe Murakami ya koma gida a 1966, kuma saboda wannan saɓani aka yi kusan shekara 30 babu ɗan Japan a babbar gasar Amurka.

Wanda ya sake buɗe hanyar shi ne Hideo Nomo. Ya gano cewa in ya ce ya yi ritaya a Japan, doka ba ta hana shi wasa a waje ba. A 1995 ya tafi Los Angeles Dodgers, jaridun gida suna zarginsa da butulci. A wannan shekara kuma gwamnatocin 2 suna ta cacar baki a kan cinikin motoci, Amurka har tana barazanar ɗora harajin kashi 100 cikin 100 a kan manyan motocin Japan. Duk da haka filayen Amurka suka cika don ganin Nomo, a Japan kuma mutane suka riƙa tsayawa da safe gaban manyan talabijin na titi. A 1998 aka zauna aka yi ƙa'ida: in ɗan wasa zai tafi, ƙungiyar da ta raine shi za a biya ta. A kan wannan ƙa'ida Seattle Mariners ta biya kimanin dala miliyan 13 ta ɗauki Ichiro Suzuki, wanda a 2004 ya yi bugu 262 masu kyau a shekara guda, abin da ba a taɓa yi ba. A ƙarshen 2023 kuma Shohei Ohtani ya sa hannu da Dodgers a kan dala miliyan 700 na shekara 10. A farkon shekarar, a wasan ƙarshe na gasar duniya, shi ya yi jifan da ya fitar da Mike Trout, abokin wasansa a kulob ɗaya a lokacin, Japan ta doke Amurka 3 da 2.

Jama'a, in kun bi labarin za ku ga gwamnatoci sun yi faɗa sun shirya, sun rufe ƙofa sun buɗe. Wahalar rufewar ta fi faɗa wa irin su Zenimura da Yonamine, kuma irinsu ne suka sake taka hanyar tun ba a gama huce fushi ba. Zumunta a ƙafa take. Amma rigimar Murakami ta nuna ƙafa kaɗai ba ta isa ba, sai an yi magana a fili kan aro ne ko sayarwa ne, an kuma san rabon kowa. Ku da kuke ba da kaya bashi a ƙetaren iyaka, ko kuke ba da kiwo ga amini a wata ƙasa, kun fi ni sanin wannan.

A filin Koshien, duk ranar 15 ga Agusta, ranar da Japan ta sanar da ajiye makami a 1945, an daɗe ana tsayar da wasa in 12 na rana ta yi. 'Yan wasa da 'yan kallo su yi shiru don tunawa da waɗanda yaƙi ya ci, sannan mai jifa ya koma wurinsa a ci gaba.